Faifan buɗa ƙafar mota: amfaninshi da illarshi

 Yau zancenmu na mota ne. Wani zai ce: ni jaki gare ni da amalanke, ina ruwana da mota? Da ruwanka, ɗan'uwa. Ranar kasuwa mota kake shiga. Buhun geronka mota ke ɗauka. In haihuwa ta yi ma matarka gardama cikin dare, mota ake nema ta kai ta likita a Tanut ko Belbeji. A garuruwa da yawa kuma, dangi sun sai da shanu da raƙuma, sun haɗa kuɗi, sun saya ma ɗansu mota. Ke nan lafiyar ƙafar mota ta shafe mu duka.

Ga abin da ya sa na ɗauko wannan zance. Wata rana da kaka na tashi daga Belbeji za ni Gangara, cikin wata Land Cruiser a-kori-kura. Buhuna a ƙasa, mu a bisa, awaki ɗaure a gefe. Muna cikin tafiya sai wata tsohuwa da ke zaune ta baya ta ce tana jin ƙara a ƙarƙashinta, kamar ana daka can nesa. Samari suka yi dariya. Direba dai mai hankali ne, ya tsaya. Karen mota ya bi notin ƙafa da sifana ɗaya bayan ɗaya. Duka a ɗaure suke tam. Aka ce kowa ya hau. Tsohuwa ta ce ita kam ba ta hawa. Sai direba ya sa jak, aka kwance ƙafar baya ta hagu. Bayan ƙafar akwai wani faifan ƙarfe mai kauri, shi ma da nashi noti 5. Biyu sun kwance, ƙusa ɗaya ta karye. Biyu kaɗai suka rage suna riƙe da mu, mu da kayanmu.

Tun ran nan na shiga tambaya game da wannan faifai. Ga abin da ya kamata kowa ya sani.

Yadda ƙafar mota take

Kafin mu gane faifai, sai mun san ƙafar kanta. Mai amalanke ya riga ya san rabin karatun, don amalanke da yawa da ƙafar tsohuwar mota ake haɗa su.

Akwai taya, wato baƙar robar da ke taka ƙasa. Akwai ƙarfen da taya ke zagaye, makanikai na ce mashi janti. Akwai sandar ƙarfe mai haɗa ƙafar dama da ta hagu, mu kira ta sandar ƙafafu. A kowane bakin sandar akwai cibiya, ita ce ke juyawa. Cikin cibiya akwai boris, wasu na cewa rulma. Ƙananan ƙarafa ne masu santsi, suna birgima cikin man giris. Su ne ke ɗauke da nauyin mota alhali ƙafa na juyawa. Daga jikin cibiya ƙusoshi ke fitowa, 5 ko 6. Janti na shiga cikin ƙusoshin, a bi shi da noti a ɗaure.

Masu ƙera mota sun auna komi. Sun sa tsakiyar taya ta zauna daidai wurin da boris ya fi ƙarfin ɗaukar kaya.

Mene ne faifan buɗa ƙafa?

Faifai ne na ƙarfe ko na alminiyom, mai rami a tsakiya. Ana sa shi tsakanin cibiya da janti. Aikinshi ɗaya ne: ya tura ƙafa waje. In aka sa shi dama da hagu, mota ta ƙara faɗi, kamar mutumin da ya tsaya ya buɗe ƙafafunshi. Da Faransanci sunanshi élargisseur de voie.

Iri biyu ne.

Na farko siriri ne, bai cika wuce santimita 1 ba. Ana zura shi cikin ƙusoshin mota, a maida janti, a ɗaure da notin da aka saba.

Na biyu mai kauri ne, daga santimita 2 zuwa 5 ko fiye. Santimita 2 kamar faɗin babban yatsa ne, 5 kuwa kamar yatsu 3 a jere. Wannan iri sai an fara ɗaure shi a jikin cibiya da noti. Shi kuma yana da nashi ƙusoshi, a nan ake ɗaure janti. Ku riƙe wannan da kyau: noti ya zama jeri biyu. Jeri ɗaya a waje, ido na ganinshi. Jeri ɗaya a ɓoye bayan janti. Irin wannan ne muka tarar a hanyar Gangara.

Me ya sa masu mota ke son shi?

Ƙasarmu ce ta kawo zancen. Babbar hanya mai lamba 11 ta taso daga Damagaram, ta bi ta Bakin Birji da Sabon Kafi, ta ratsa Tanut, ta nufi Aderbisanat da Agadas. Amma da ka sauka daga kanta za ka ƙauyukan Tarka, ko Olelewa, ko rijiyoyin makiyaya na Tenhiya, sai rairayi da gargada. Motar da ke iya wannan aiki ita ce mai ja da ƙafa 4, kamar Land Cruiser da Hilux na kamfanin Toyota. A shekarar 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, can arewacin Agadas. Samari da yawa suka tafi, wasu suka dawo da irin waɗannan motoci.

To, Land Cruiser a-kori-kura tana da wani hali. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara fitar da wannan zubi a 1984. A shekarar 2007 ya sake fasalin gabanta, don babban inji ya samu wurin zama. Ya faɗaɗa sandar ƙafafun gaba, amma ya bar ta baya yadda take. Tun daga nan ƙafafun gaba suka fi na baya faɗi da santimita 9 da rabi, wato kamar faɗin tafin hannu. In ka raba biyu, kowace ƙafar baya ta shige ciki da kusan santimita 5.

Bisa kwalta ba a cika jin wannan bambanci ba. Cikin rairayi ne yake nuna kanshi. In ayarin raƙuma na tafiya a layi, na gaba ke fasa hanya, na baya su taka sawunshi. Haka ya kamata ƙafafun mota su yi. Ta gaba ta danne rairayi, ta baya ta bi wurin da aka danne. Amma in ta baya ta shige ciki, ba ta faɗa sawun sosai ba. Siririyar tayar da aka saba gani a motocin nan, mai lamba 7.50, faɗinta kamar santimita 19 ne. Ke nan wajen kashi 1 cikin 4 na tayar baya na fasa sabon rairayi. Inji na ƙara wahala. Cikin kwarin sawun da wasu motoci suka haƙa kuma, gindin mota na ta kaɗawa dama da hagu, yana neman wurin zama.

Gani ya kori ji. In irin wannan mota ta wuce ta garinku, ku fita ku duba sawunta a rairayi. Za ku ga sawun baya ya ɗan kauce ciki.

Amfanin faifai

Na 1. Yana daidaita sawu. In aka sa faifai mai santimita 5 a kowace ƙafar baya ta irin motar da muka faɗa, ƙafafun baya na komawa cikin sawun na gaba. Tuƙi cikin rairayi na yin sauƙi, gindin mota na rage kaɗawa.

Na 2. Yana ba babbar taya wuri. Wani mai mota na sa taya mai faɗi don kada ya kafe. Sai tayar ta riƙa gugar shasi ko sifirin ta ciki. Faifai na matsar da ita waje, gugar ta daina.

Na 3. Yana ƙara ma mota zama. Abu mai faɗin gindi ya fi wuyar kifewa. Turmi ya fi tulu mai tsinin gindi zama a ƙasa. Gaskiya ne wannan, amma ƙarin ba shi da yawa. Za mu yi lissafinshi nan gaba.

Na 4. Yana da sauƙin kuɗi in aka gwada shi da sayen sabbin janti ko sake sandar ƙafafu. Kuma ana iya cire shi ranar da aka so.

Akwai masu sa shi don ado kawai, mota ta yi ƙirji kamar ɗan kokowa. Wannan ba mu lissafa shi cikin amfani ba.

Illar faifai

Na 1. Yana gajiyar da boris. Wannan ita ce illar da ba ta da makawa, ko faifan mai kyau ne ko maras kyau. Ku gwada da kanku. Mace ta ɗauki bokitin ruwa, hannunta manne da jikinta. Za ta yi tafiya mai nisa. Yanzu ta miƙe hannun waje, ta nesanta bokitin da jiki. Ruwan bai ƙaru ba ko ɗigo. Amma kafin ta ƙirga 20 kafaɗa ta gaji. Haka boris yake. Da an tura taya waje, nauyi ya bar wurin da aka tsara mashi, ya koma yana banƙarar boris ta gefe. Iyakar kaurin faifai, iyakar banƙara. Iyakar nauyin kaya, iyakar banƙara. In aka haɗa faifai mai kauri da kaya mai nauyi da hanya mai gargada, boris ba ya kai kwanakinshi. Ya fara zafi, giris ya narke, ya shiga kuka. In ba a kula ba sai ya ci kanshi, ƙafa ta cije ko ta fita.

Motoci ba ɗaya suke ba a nan. Cibiyar baya ta Land Cruiser a-kori-kura na zaune bisa boris 2. Ta Hilux kuwa boris ɗin na wuri ɗaya ne, kuma ƙarfen da ke juya ƙafa shi ma yana ɗaukar nauyi. Don haka ƙaramar mota ta fi jin jiki.

Na 2. Siririn faifai na cinye tsawon ƙusa. A jikin ƙusa akwai zare, wato layin nan mai zagaye da noti ke bi. Ƙarfin ɗauri na cikin yawan zaren da noti ya kama. In faifai ya cinye santimita 1, noti ya rasa santimita 1 na kamu. Kamar ka ɗaure raƙumi da ƙarshen igiya ne, ƙulli ɗaya tak. Ƙa'idar makanikai ita ce: noti ya shiga ƙusa aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar. Ƙusar Hilux milimita 12 ce, ke nan noti ya yi zagaye 8 cikakku. Ƙusar Land Cruiser mai ƙusa 5 milimita 14 ce, ke nan zagaye 9 zuwa 10. Wannan ƙirga kowa na iya yin ta, ko bai taɓa shiga gareji ba.

Na 3. Faifai mai kauri na ɓoye noti. Karen mota na kirki na duba noti kowace safiya. Amma sifanarshi jerin waje kaɗai take kaiwa. Jerin ciki ba ya ganuwa sai an cire ƙafa. Gargada na girgiza su dare da rana. In ɗaya ya saki, sauran su ɗauki kayanshi. Daga nan ƙusa ta fara tsagewa, ta karye, ta biyu ta bi ta. Mota mai ƙafa 4 da ƙusa 5 tana da noti 20. In aka sa faifai a baya sun zama 30. Goma daga ciki ba mai ganinsu.

Na 4. Akwai faifan da ba ya zama daidai. A tsakiyar cibiya akwai wani ɗan leɓe da ya fito. Ramin janti na zama a kanshi cif, kamar murfi a bakin tukunya. Shi ke sa ƙafa ta zauna a tsakiya. Faifai mai kyau na da rami daidai da leɓen cibiya, kuma yana da nashi leɓe don janti. Faifai na araha ramin shi ya yi yawa, leɓe kuma babu. Ƙafa na iya zama a karkace kaɗan. Da mota ta ɗau gudu sai rawa, rawar kuma ita ke kwance noti.

Na 5. A ƙafafun gaba yana ɓata tuƙi. Ƙafar gaba ita ke juyawa dama da hagu. In aka tura ta waje, duk dutse ko rami da ta buga sai ya fizgi sitiyari da ƙarfi. Gaɓoɓin sitiyari na saurin lalacewa. In taya ɗaya ta fashe cikin gudu, riƙe mota ya fi wuya. Kuma ku tuna, a Land Cruiser ta bayan 2007 gaba ya riga ya fi baya faɗi. Wanda ya sa faifai gaba da baya bai gyara sawu ba ko kaɗan.

Na 6. Taya na fita daga inuwar jikin mota. Tana watsa tsakuwa da laka ga mai babur da mai jaki. In kaya ya danne mota, gefen bodi na iya sauka bisa taya ya yanke ta. Fasinjan da ya zuro ƙafafunshi ta gefe kuma, taya ta matso kusa da shi. Bakin zane ko na rawani na iya kamawa.

Na 7. Ƙarfe suna ya tara. Akwai faifan da aka ƙera a masana'anta da alminiyom mai ƙarfi, aka auna, aka gwada. Akwai na zubi, mai ƙananan ramuka a ciki da ido ba ya gani. Akwai wanda aka yanka daga tsohon ƙarfe a bakin kasuwa. Maƙeranmu gwanaye ne wajen hauya da gatari da gyaran amalanke. Amma abin da zai juya sau ɗaruruwa a minti ɗaya, ɗauke da rayuka, yana son awo na inji. Araha ba ta ado.

Mu yi lissafi

Direbobi da yawa na cewa sun sa faifai ne don kada mota ta kife da kaya. Mu duba da alƙalami.

Abu biyu ke sa mota ta zauna ko ta kife. Na farko faɗin ƙafafunta. Na biyu tsawon wurin da nauyinta ya taru. Faɗi na taimako, tsawo na cutarwa.

Tsakanin ƙafafun baya na Land Cruiser mai siririyar taya akwai santimita 142. A ƙara 5 dama, 5 hagu, ya zama 152. Ƙarin 10 ne bisa 142, wato kashi 7 cikin 100. Wannan ita ce ribar faifai a baya.

Yanzu mu ɗauki misali. A ce nauyin mota ya taru a santimita 80 daga ƙasa. Aka jibga buhuna har suka wuce kan direba, mutane suka hau bisa. A ce nauyin ya hau zuwa santimita 100. Zaman mota ya ragu da kashi 20 cikin 100. An samu 7, an zubar da 20. Wane ɗan kasuwa ne zai kira wannan riba?

Irin wannan mota an yi ta ne don kaya kamar tan 1, wato wajen buhu 10 masu kilo 100, kuma nauyin mutane na cikin lissafin. Iyakar nauyin na rubuce a takardar mota. Faifai ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan wannan iyaka. Hasali ma ragewa yake yi, tun da boris ya riga ya shiga wahala. Maganin kifewa shi ne a rage kaya, a sa masu nauyi a ƙasa, a rage gudu a kwana.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ƙasar Ostareliya na da hamada da rairayi kamar tamu. Manomanta da makiyayanta na aiki da irin wannan Land Cruiser ƙwarai. Su ma sun san zancen sawun gaba da na baya. Amma dokarsu ba ta yarda a hau hanyar gwamnati da faifai ba, sai in mai ƙera motar ne ya sa shi tun asali. Don haka masu hali a can na sake sandar ƙafafun baya ɗungurungum, su sa mai faɗi. Wannan ne gyara na gaskiya, don boris na matsawa waje tare da taya. Sai dai yana da tsada.

A Jamus an yarda da faifai, amma da sharaɗi. Sai yana da takardar shaida cewa an gwada shi don wannan irin mota. Sau da yawa kuma sai masu duba motoci sun gani sun sa hannu.

Wasu na sayen janti na musamman, mai zurfi, wanda ke fitar da taya waje ba tare da faifai ba. Wannan ya kawar da matsalar ɓoyayyen noti. Amma boris na shan wahala iri ɗaya. Kuma jantin gaba da na baya sun bambanta, sai ƙafar safiya ta dace da wuri ɗaya kawai.

Darasin a nan shi ne: ƙasashen da ke da kwalta mai kyau da gareji a kowane gari ma ba su ɗauki faifai abin wasa ba. Balle mu da mota ke iya lalacewa a dajin da ba inuwa, ba rijiya.

Wa ya dace ya sa, wa bai dace ba?

Motar da ke yawan shiga rairayi da kaya kaɗan, mai ita na kula da ita, yana da makanike na kirki: wannan na iya samun amfani in ya sa faifai mai kyau a ƙafafun baya.

Motar kasuwa mai ɗaukar buhuna da dabbobi da mutane: wannan faifai ba nata ba ne. Illarshi ta fi amfaninshi nesa. Ga rairayi akwai dabara ta kyauta da direbobin Agadas suka daɗe da sani: a rage iskar taya kafin a shiga, a maida iska in an fito kan hanya mai tauri.

Mai son ado kuwa, ya sayi fenti. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

In an riga an sa, ko an ƙudura sawa

1. A sayi faifan da aka yi don wannan irin mota, mai leɓe a tsakiya. A zaɓi mafi siranta da zai biya bukata.

2. A sa dama da hagu, kauri ɗaya. Kada a taɓa ɗora faifai bisa faifai. Kada a cika wuri da wasu ƙananan ƙarafa.

3. A goge tsatsa da ƙasa daga fuskar cibiya kafin a ɗora. Ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta hana shi kwanciya.

4. A duba kada tsofaffin ƙusoshi su fito su tokare bayan janti. In sun tokare, janti bai zauna ba, ko da noti ya yi tauri.

5. A ɗaure noti a tsallake, wannan sannan na gabanshi, ba a jere ba. A yi aiki da sifana mai awo, wadda ke nuna ƙarfin ɗauri. Kada yaro ya hau sifana da ƙafa yana tsalle. Ɗauri fiye da kima na miƙar da ƙusa, daga baya ta karye.

6. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a cire ƙafa a sake duba notin ciki. Wanda ya sa faifai a Damagaram ya kamo hanyar Tanut, kada ya jira sai ya iso, don tafiyar ta kusa kilomita 150. Daga nan a riƙa dubawa a kai a kai, musamman kafin doguwar tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. A gaya ma masu inshora da masu duba lafiyar mota cewa an yi wannan canji, tun kafin wani abu ya faru.

8. Mai sayen tsohuwar mota ya sa a cire ƙafafu a gaban idonshi. In da faifai, a duba boris da ƙusoshi kafin a biya kuɗi.

Abin da fasinja zai iya yi

Ba sai kana makanike ba. Ido da kunne da hanci sun isa.

Kafin ka hau, ka zagaya mota. In taya ta fito waje fiye da jikin mota, wataƙila da faifai. Ka ƙirga noti, ka ga ko akwai gurbin da ba kowa. In ka ga jan gari kamar tsatsa na fitowa daga gindin noti, alama ce yana motsi.

Cikin tafiya ka saurara. Ƙara mai bugawa kamar daka, ko gurnani mai ƙaruwa in gudu ya ƙaru, ko rawar da ba ta hanya ba ce, duka abin faɗi ne. In an tsaya salla ko shan ruwa, ka kusantar da bayan hannunka ga tsakiyar ƙafa, ba tare da ka taɓa ba. In ɗaya ta fi ƴar'uwarta zafi sosai, ko kana jin ƙaurin giris, a gaya ma direba.

A faɗa da ladabi, ba da faɗa ba. Ka ce: Malam direba, don Allah a duba ƙafar nan, har da notin ciki. Direban kirki ba ya jin haushi, don shi ma ranshi na cikin motar. Mata, ku ma ku yi magana. Ku ne kuka fi zama ta baya, bisa ƙafafun. Tsohuwar hanyar Gangara ba ta san sunan ko ƙarfe ɗaya na mota ba. Ta ji abin da ba ta yarda da shi ba, ta faɗa, ta kuma tsaya a kan maganarta. Mun yi jinkirin awa 2 a ƙarƙashin wata aduwa, aka cire faifan dama da na hagu, aka rage buhuna, muka isa da dare a hankali. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Faɗi sunayen abubuwa 4 da ke cikin ƙafar mota.

2. Me ya sa bokiti ke ƙara nauyi in an miƙe hannu? Me wannan ya koya mana game da boris?

3. Mota na da ƙafa 4, kowace da noti 6. An sa faifai mai kauri a ƙafafun baya 2. Noti nawa ke nan duka? Nawa ne a ɓoye?

4. Mota na ɗaukar kilo 1000. An ɗora buhu 7 masu kilo 100. Mutum nawa masu kilo 60 za su iya hawa?

Wanda ya karanta, ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna. A kai wannan jarida tasha, a nuna ma direbobi da yaransu. Allah ya kai kowa gida lafiya.